Ba Sai An Taɓa Ba

A Adum na saye ta, bene na biyu,
shagon Kwaku Boadu, inda wayoyi ke rataye kamar taliya.
Sidi tamanin. Na ce sittin.
Ya yi dariya da Turanci, ya ƙi da Tonanci.

Ba ta kai farcen babban yatsana ba,
'yar ƙwaya baƙa a kan guntun allo, ƙafafu shida.
Daga Kejetiya har Aboabo
tana cikin tafina a dunƙule,
yaron mota ya zaci kuɗinsa nake ɓoyewa.

Don Baba na saya.
Shekara talatin da ɗaya a Suame Magazin,
ƙarƙashin motocin da masu su suka fid da rai,
hannunsa ya sha baƙin mai har sabulu ya sallama.
Rediyo uku suka mutu a hannun nan.
Ba duka ba, ba jifa ba,
giris ne ke shiga maɓalli ya kwana,
har ran da za a murɗa, ya ce ya gaji.

Dare tara ina kanta.
Dalma ta ƙona ni sau biyu a yatsa ɗaya,
aka ɗauke wuta, ƙarfen ya huce, na jira,
aka kawo, na haɗa waya ja inda baƙa ta dace,
na warware, na sake.
Inna ta leƙo ta ce, Barikisu, ɗakin nan warin me yake?
Na ce warin ilimi.
Ta ce to ilimin ya buɗe taga.

Ga yadda take:
tana jefa wani haske da ido bai san shi ba,
ya bugi tafi, ya komo,
sai ta lissafa ta wane gefe ya fara isowa.
Dama, tasha ta gaba. Hagu, ta baya.
Sama, ƙara murya. Ƙasa, yi shiru.
Iyakar abin da na koya mata ke nan,
kalma huɗu, kamar jaririya.

Ran da na kai gareji,
Baba ya goge hannu a tsumma, bisa sabo.
Na ce bar shi da dauɗarsa.
Ya miƙa, a hankali, kamar mai gwada zafin tukunya,
ya share iska.
Labaran rana suka koma kiɗa.
Ya dubi tafinsa gaba da baya
kamar yau aka ba shi aronsa.

Amma ban koya mata ƙuda ba.
Ya kori ƙuda, ta sauya tasha.
Malam Issaka mai fenti ya zo gardamar ƙwallo,
shi kuwa da hannu yake magana,
kafin ya gama zagin alƙalin wasa
rediyo ta zaga Kumasi kaf ta dawo.
Bayan la'asar Baba ya ɗaga hannu yana roƙon Allah,
mai tallan maganin basir ya cika rumfa da ihu.
Yaran gareji suka tsere bayan wata tsohuwar tifa
don kada a ga haƙoransu.

Na ce zan gyara, zan rage mata gani.
Ya ce a'a.
Duk garejin nan ita kaɗai ke kula da abin da hannuna ke cewa.

Jiya na kama hanyar Tamale, makaranta.
Baba ba ya rakiya, ba ya ban kwana,
Allah ya kiyaye, ya koma ƙarƙashin mota, shi ke nan.
Na kai bakin kwata ban waiwaya ba
sai na ji rediyo a bayana:
wa'azi, kiɗa, wa'azi, kiɗa,
dama, hagu, dama, hagu.

Ban juya ba.
Kada ya san an tona shi.